Inda Motar Ba Ta Tsaya Ba

Ranar da abin ya fara, direban ya dawo gida da wuri, kamar yadda ya saba tun da aka buɗe sabuwar hanya. Rana tana shirin faɗuwa ya tsayar da motar kayan a ƙofar gida, ya kashe ta, ya yi miƙa yana murmushi shi kaɗai. Tafiyar da a da take cin masa kwana biyu, yanzu awa tara ce. Ka hau da asuba, ka ɗora ƙafa a totur, shi ke nan. Babu rami, babu kwana, babu ƙauyen da zai sa ka taka birki. Abokan aikinsa har sun gaji da jin yabon hanyar nan a bakinsa, wai ko makaho aka ba sitiyari zai kai ƙarshenta lafiya.

'Yarsa ta fito da bokiti da tsumma, don aikinta ne goge fitilun motar duk ranar da ya dawo, kuma ba ta yarda kowa ya taya ta. Shekararta goma sha biyu. Haihuwa huɗu matarsa ta yi, ita kaɗai Allah ya bar musu. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, shi ya sa bai taɓa kiranta da komai ba sai Uwata.

"Baba, me ka buge?" ta ce, tana nuna wani tabo a ƙarfen gaban motar.

Ya sunkuya ya duba. Tabon bai kai tafin hannu ba, baƙi-baƙi, bai gama bushewa ba. Sai a lokacin ya tuna cewa da rana tsaka ya ji wani ɗan ƙara, ɗas, kamar an jefi motar da ɗan dutse. Ya dubi madubi bai ga komai ba, ko ƙafarsa bai ɗaga ba. To, wa yake tsayawa a hanyar nan?

"Tsuntsu ne, Uwata. Goge kawai."

Ta goge. Ruwan bokitin ya yi duhu, ta kai shi gindin katanga ta zubar.

Ana kiran magariba tsakuwa ta farko ta faɗo kan kwanon ɗakinsu. Matarsa ta leƙo daga kicin tana faɗan yaran maƙwabta. Ta biyu ta faɗo, ta uku ta biyo, sannan suka zubo kamar ruwan sama, suna gangarowa tsakar gida. Direban ya zagaya bayan gidan da tocila, babu kowa, ko kare. Da ya dawo ya ɗauki ɗaya ya duba. Tsakuwar titi ce, da kwalta manne a jikinta, kuma da zafinta kamar yanzu aka ɗauko ta daga rana. Unguwarsu kuwa ko taku ɗaya na kwalta babu.

Washegari ma haka, jibi ma haka. Da rana gidan lafiya lau, amma da zarar inuwar katanga ta rufe tsakar gida sai kajin gidan su yi tsit, iska ta tsaya, jifa ya fara. A kwana na uku aka soma jin murya. Muryar mace ce, daga nesa, tana jan kira irin na uwar da ta fito ƙofar gida neman ɗanta da yamma. Ba a gane sunan da take kira. Matar direban ta ce ita ba tsoro muryar take ba ta ba, kuka take sa ta, kuma ba ta san dalili ba.

A kwana na huɗu yarinyar ta ajiye cokali tana tsakiyar cin abinci. Ta tashi ta tafi bakin katanga, ta sunkuyar da kai, ta fara takawa a hankali zuwa ɗaya katangar tana duba ƙasa. Ta kai, ta juyo, ta sake. Uwarta ta riƙe ta, ta fizge da ƙarfin da ba nata ba. Ubanta ya tsaya a gabanta ya ce, "Uwata, ni ne." Ta kewaye shi kamar an kafa turmi a hanya, ta ci gaba da dubawa.

Wallahi mutumin nan ya ga abubuwa a rayuwarsa. Ya ga mota ta kama da wuta, ya taɓa ciro abokinsa daga ƙarƙashin tirela, bai zubar da hawaye ba. Amma ranar nan ya zauna a dokin ƙofa ya yi kuka kamar yaro. Ƙafafunta sun kumbura, ba ta ci, ba ta sha sai an ɗura mata. Uku ya kai makabarta da hannunsa, ga ta huɗun tana tafiya a gabansa, tana nisa da shi ba tare da ta fita daga gidan ba.

A kwana na bakwai ya je ya ɗauko wani malami, tsoho mai ƙaramar murya, wanda ba ya gaggawa ko a shan ruwa. Malamin ya iso bayan la'asar, ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya zauna yana kallon yarinyar tana kai da kawo. Sannan ya fara karatu, a hankali, ba tsawa ba bulala. Rana ta yi ja. Tsakuwa ɗaya ta faɗo kusa da gwiwarsa, bai ko kalle ta ba. Can sai yarinyar ta tsaya cak, ta zo ta zauna a gabansa ta naɗe ƙafa irin zaman manyan mata.

"Ya isa, Malam. Ina jin ka."

Bakin yarinyar ne, amma muryar babbar mace ce, ta dishe saboda kira.

"Baiwar Allah, me kike nema a jikin yarinyar mutane?"

"Ɗana nake nema."

"Ina ɗan naki?"

Ta ɗaga hannun yarinyar ta nuna direban. "Tambaye shi."

Direban ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya ce wallahi bai ga kowa ba, ƙara kawai ya ji.

"Na san ba ka gan shi ba," in ji ta. "Ku ba kwa ganinmu. Amma a da muna jin ku. Tsohuwar hanya takan sa ku yi tafiya kuna rangaji, kuna hon a kowace kwana, tun daga nesa mu janye yaranmu. Wannan kuwa ba a jin zuwanku sai kun wuce. Ruwa ya je ɗebo min a tsallake. Ina kallonsa. Na kama bayan motar don in tsayar da kai. Na yi ta bugu, na yi ta ihu. Ba ka tsaya ba sai a ƙofar nan. Abin da ya rage min na jikinsa kuma, wannan yarinyar ta sa tsumma ta goge."

Matar direban ta toshe bakinta da gefen mayafi. Malamin ya ce yarinya ba ta san komai ba, kuma baiwar Allah ta san haka.

"Na sani. To a bar min ita. Ya ɗauke min ɗaya, in riƙe ɗaya."

"Wannan ba zai yiwu ba," malamin ya ce, muryarsa ba ta tashi ba. "Zalunci ne, kuma in kin riƙe ta mutuwa za ta yi a hannunki, ki yi rashi biyu. Faɗi abin da za a iya yi miki."

Duhu ya fara sauka, kajin sun lafe a akurki. Da ta sake magana, fushin ya fita daga muryar, saura gajiya.

"A mayar da ni inda ya faɗi. Kwana bakwai yana kwance a bakin hanya ba wanda ya rufe shi. Ni ban san hanyar komawa ba. Da na waiga, ko'ina iri ɗaya ne."

Malamin ya juyo ga direban. "A ina ne?"

A tsohuwar hanya da direban ya faɗa musu ba tare da tunani ba: bayan gadar da ta karye, kusa da mai shayin nan gurgu, kafin ramin da yake cinye taya. Kowane taku nata yana da suna a bakin direbobi. Amma wannan? Kwalta ce baƙa, da farin layi, da ƙarfen gefe, daga farko har ƙarshe. Bai ma duba agogo ba.

"Ban sani ba, Malam," ya ce. "Rana tsaka ce kawai. Amma zan kai ta. Zan bi hanyar a hankali tun daga farko, duk inda ta gane sai ta tsayar da ni."

"Zan buga ƙofar motar sau uku," in ji ta. "In ban gane ba fa? Ba ni da kowa a nan sai wannan jikin."

Malamin ya nemi ta yi rantsuwa ba za ta dawo ba, ko an samu ko ba a samu ba. Ta ƙi. Ya sake karatu har jikin yarinyar ya ɗauki rawa, ta dai ƙi. Abin da ta yarda da shi kawai, za ta fita yanzu ta jira a mota. Yarinyar ta yi atishawa sau ɗaya ta kife a cinyar uwarta, barci ya ɗauke ta. A waje suka ji ƙofar motar ta buɗe, ta rufe.

Da asuba ya hau hanya. Kujerar gefensa babu kowa, amma ta lotsa kamar an zauna, kuma bai yarda ya kalle ta sau biyu ba. Ya kama gefen titi yana tafiya kamar mai tura baro. Motoci suna wuce shi fuu, wasu suna masa hon, wani yaron tirela har ya leƙo ya tambaye shi ko ƙwai ya ɗauko. Bai kula ba. Kunnensa yana kan ƙofar.

Da rana ta take tsaka ya ƙara rage gudu. Duk inda ya ga wata 'yar bishiya ko kwalbati sai ya tsaya, ya ce, "Baiwar Allah, nan ne?" Shiru. Ya sauka ya duba ciyawar gefe da kansa, ko da yake ya san idonsa ba zai ga abin da ake nema ba. Ya koma ya ja. Sau nawa ya tsaya, shi ma bai ƙirga ba. Hanyar tana miƙe a gabansa sumul, kyakkyawa, ba ta da wani tabo da mutum zai riƙe. A ranar ya tsane ta kamar yadda bai taɓa tsanar wani abu ba.

Ya kwana a gefen titi, ya tashi ya ci gaba. Da yammacin kwana na biyu kwaltar ta ƙare a wani babban shataletale, inda garin ƙarshe ya fara. Ba a buga ƙofar ba ko sau ɗaya.

Ya kashe motar.

"Mu juya," ya ce da kujerar. "Mu sake bi. Ko sau goma ne zan bi. In kuma jiki kike so, ga nawa, ni na yi laifin. Don Allah ki bar min ita. Uku na binne, na san abin da kike ji."

Sai ya ji wani dogon numfashi a gefensa, irin na wanda ya gama kuka. Kujerar ta taso a hankali. Ƙofar ta buɗe, ta rufe ba ƙara. Ya leƙa madubi, ya ga ƙurar gefen titi tana ɗan tashi, taku bayan taku, ana komawa ta inda suka fito, a ƙasa.

Bai san ko gidansa ta nufa ba. Ya ɗauki waya ya kira gida. Matarsa ta ɗauka tana dariya tana kuka, ta ce yarinya ta tashi tun jiya, ta ci abinci har ta nemi ƙari, ga ta nan ma tana fizgar wayar.

"Baba?"

"Na'am, Uwata."

"Matar nan ta zo yanzu ta yi min sallama, ta ce ba za ta ƙara dawowa ba. Baba, kun same shi?"

Ya rufe ido. "Ba mu same shi ba."

Yana jin numfashin yarinyar a wayar.

"Ta ce min ɗanta bai taɓa kwana shi kaɗai ba," ta ce.

Direban ya kifa goshinsa a kan sitiyari. Bayansa motoci sun taru suna ta hon, don ya tare musu hanya.