An Tura Ta Garinsu

"Maimaita sunan garin!"

Murmushin Zipporah ya gushe. Tun daga unguwar Damilu ta hau keke har gonar saurayinta Othniel da ke Damare don ta yi masa albishir. Shekara guda tana zaune a gida da takardar shaidar aikin jinya, sai yau aiki ya fito.

"Garinku ne, Othniel... Ni na roƙa a tura ni can. Kowa gudun wurin yake, nan take suka ba ni."

Othniel ya ajiye fartanya.

"Wa ya aike ki?"

"Haba masoyi! Kullum zancenka ke nan. Duwatsun garinku, dawar garinku. Na ce in mun yi aure sai ka koma gida."

"Ina zancen babana ma kullum. Kin taɓa jin na ce a kai ni inda yake?"

Ta sunkuyar da kai.

"Tracy ce ta ba ni shawara..."

Tracy 'yar garin su Othniel ce, a bayan Michika. Tare suka gudo shekara tara da suka wuce. Duk cocin an san idonta na kansa, Zipporah ce kaɗai ba ta gani ba.

"Tracy ta san abin da ban gaya miki ba," ya ce. "Ran da 'yan bindiga suka shiga, babana ya ɓuya a rumbu. Maƙwabcinmu ne ya nuna musu, suka kashe shi. Yanzu mutumin ya dawo gari, wai ya tuba. Nama yake sayarwa a kasuwa. Asibitin kuma ɗaya ne."

Ya matso kusa da ita.

"In ya zo da ciwo, za ki taɓa shi?"

Da ta yi masa ƙarya, da an wuce wurin. Amma ba haka aka rene ta ba.

"Zan wanke masa ciwon. Na yi rantsuwar aiki."

"Da hannun da za ki tuƙa mini tuwo?"

Hawaye ya zubo mata. Shi kuwa ya ɗauki fartanyarsa.

Washegari ta koma ofis ta nemi canji. Aka ce ko ta yi shekara biyu a can, ko ta bar wa wata. Aka kuma shaida mata cewa tun bara babu nas a garin, mata a ɗaki suke haihuwa, wasu ba sa tashi.

Mahaifiyarta ba ta ja magana ba.

"Ba don namiji mai gonar aro na kai ki makaranta ba. Ɗaure kayanki!"

"Mama, ina son sa..."

"Ni ma na so ubanki. Yana ina?"

Kwana uku tana kiransa, bai ɗauka ba. Tracy ce ta ɗauka a na huɗu, ta ce yana cin abinci.

Ran Litinin da safe Zipporah tana cikin mota a tashar Jimeta, sai ga shi a bakin taga. Ya rame. Ta kama ƙofa za ta sauka.

"Zauna," ya ce. "Matan can ba su yi mini laifi ba."

"To biyo ni, Othniel! Don Allah!"

"Ba zan iya ba, Zippo. In na gan shi, ɗayanmu ba zai kwana ba."

Direba ya tayar da mota.

"Bayan cocin garinmu akwai mangwaro. Nan aka ce sun binne babana. Ba wanda ya taɓa nome wurin."

"Zan nome. In na gama in kira ka?"

Ya daɗe yana kallonta.

"Kar ki kira."

Mota ta fita daga tasha. Zipporah ta yi kuka har suka wuce garin Song. Daga nan ta share ido, ta tambayi direba saura awa nawa.