Baƙin Man da Isiyaku Ya Zubar a Gindin Tsamiya

Shekarar da kamfanin jirgin feshin tsuntsayen gona ya rage ma'aikata a ɗan filin nan na bayan Kura, makanikai huɗu suka koma ɗaya. Isiyaku aka bari. Aikin da a da ake gamawa kafin la'asar, sai ya riƙa kai shi magariba.

Wata Laraba ya shigo gida, matarsa Adama na kwashe tuwo. Gari ya yi tsit, ko kwaɗin kanal ɗin ban-ruwa sun yi shiru. Sai ƙwal, wani abu ya faɗo cikin tukunyar miya. Notin inji ne, da zafinsa. Wani ya biyo, wani ya biyo. 'Yarsu Ummulkhairi ta miƙe daga tabarma tana kuka da muryar tsohuwa.

Ni maƙwabcinsu ne, kuma har Bunkure an san aljani ba ya haɗa ido da ni. Ranar dai ƙafata ce ta riƙe, shi ya sa na tsaya a zaure.

Kwana uku yarinya ba ci ba sha, fatar hannunta na saɓulewa. Aka ɗauko Malam Datti daga Garun Mallam. Ya daɗe yana karatu a kanta kafin ya ce, "Wace ce ke?"

"Ta gindin tsamiyar filin jirgi," in ji muryar. "Tsohon makaniken da aka kora, in zai zubar da man inji sai ya huce, ya yi bismilla, mu kwashe yaranmu. Wannan ya sheƙa shi da zafi, da magariba, a kan ɗana."

Isiyaku ya durƙusa. "Baiwar Allah, ni kaɗai ne, tun safe ban zauna ba. Wallahi mantawa na yi."

"Na sani, ina kallonka. Jiya na binne ɗan nawa."



Malam ya ce, "A yanka miki rago, ki bar marar laifi."

"Me zan yi da rago? Kar ya ƙara taka filin nan. Ba na iya jure ganin hannunsa."

Isiyaku ba shi da gona, aikin nan ne tuwon gidan. Ya dubi Adama, ya dubi 'yarsa, ya ce, "Na bari."

Yarinya ta yi atishawa, ta nemi ruwa.

Kamfani bai ɗauki wani ba. Jirgi ya zauna, tsuntsaye suka cinye shinkafarmu. Isiyaku ya koma ƙwadago a gonakin tumatir. Har ya rasu, in jirgi ya gifta sama sai ya tsaya da fartanya, ya kasa kunne, ya ce a hankali, "Injin nan yana neman mai dubawa."