Kafin a Tayar da Inji na Uku

Magariba ta kawo jiki, maƙwabta sun fara kiran yara su shiga gida. Mai Dam, kamar yadda 'yan layinsu ke ce masa saboda a tashar wutar madatsar ruwa yake aiki, yana zaune a falo ranar hutunsa, ya miƙe ƙafafu. Matarsa na kicin. Auta, 'yarsu da ta rage a gabansu bayan yayyenta sun kama gabansu, tana gugar kayan makaranta tana yi masa tsiya, wai gidan mai ba duniya wuta ne amma ƙwan banɗakinsu ya mutu tun watan jiya.

Sai wani abu ya faɗo a kan kwanon rufi. Kafin ya miƙe wani ya biyo baya, sannan suka zubo kamar ƙanƙara. Ya fita da niyyar ja wa yaran layi kunne, ya tarar ba kowa. A tsakar gida ya tsinci duwatsun, masu santsi, jiƙe sharkaf da baƙin taɓo, alhali rabonsu da ruwan sama an kwana biyu. Ya ɗauki ɗaya ya shinshina. Warin ƙasan dam ne, irin wanda ke tasowa idan suna share ragar da ke tare shara a bakin injuna.

Da ya koma ciki, Auta na tsaye ƙyam, dutsen guga na cin rigarta, hayaƙi na tashi, ita kuwa ta ƙura wa bango ido. Ruwa na ɗiga daga gashinta.

Daga ranar gidan ya daina zama gida. Da rana Auta lafiyarta lau, har ta ci abinci ta yi dariya. Da rana ta yi ja sai jikinta ya yi sanyi ƙalau, ta kwanta tana kokawa da numfashi kamar mai nutsewa. Fitilun gidan su dushe su koma jajaye, ga na maƙwabta tar. Mai Dam ya bi wayoyin gidan ɗaya bayan ɗaya, ya canja fis, ya duba mita, bai ga komai ba. Asibiti ma suka yi gwaje-gwajensu suka ce ba su ga komai ba. Mutumin da ke jin ciwon inji daga sautinsa kawai, sai ga shi durƙushe gaban katifar 'yarsa yana murza mata tafin ƙafa, bai san abin yi ba.

Yayar matarsa ce ta kawo malamin, wani siririn dattijo mai magana a hankali. Ya iso bayan la'asar, ya sa aka kashe talabijin da fanka, ya zauna a gefen yarinyar ya fara karatu. Ya daɗe yana yi, har inuwa ta cinye tsakar gida. Can Auta ta tashi zaune, ta naɗe ƙafafu irin zaman tsofaffi, muryar wata tsohuwa ta fito daga bakinta.

Malam ya tambaye ta ko wace ce, kuma me yarinya ta yi mata. Ta ce yarinya ba ta yi mata komai ba. Ta ce su mutanen kwari ne, a nan kakanninta suka zauna har bil'adama suka tare kogi, ruwa ya shanye musu gari. Suka hau tsauni, aka zo aka kafa dogayen fankokin nan masu yanka iska dare da rana, ba mai iya runtsawa. Suka gangara fili, aka gina tashar gas, ga ruri ga zafi. Da suka rasa wurin zuwa sai suka koma ƙarƙashin ruwan da ya ci gidajensu, suka raɓe a jikin bangon dam inda ya fi duhu.

Sannan ta juyo da idanun Auta kan uban.

"Ɗana yana wasa a bakin raga ka buɗe ƙofar ruwa. Ruwa ya ja shi cikin injinku. Ko abin binnewa ban samu ba."

Mai Dam ya tuna yammacin. Iska ta kwanta, fankokin da ke ba da wuta sun tsaya, tashar wutar gas ta rage ƙarfi, mutane sun dawo gida kowa ya kunna abin da yake da shi. Cibiyar da ke raba wuta ta bugo ta ce a tayar da inji na uku, shi kuwa ya danna maɓalli, kamar kullum. Ya ji injin ya ɗan yi gargada ya wuce, har ya ce wa abokin aikinsa wataƙila kututture ne.

"Wallahi ban sani ba, Baba," ya ce wa tsohuwar. "Umarni aka ba ni."

"Ni hannu na gani, ban ga umarni ba. Ɗa ya tafi, ɗa zan ɗauka."

Matarsa ta toshe baki da mayafi. Malam bai ɗaga murya ba. Ya yi wa tsohuwar ta'aziyya kamar yadda ake yi wa kowace uwa, sannan ya ce mata ran yarinyar nan ba zai dawo da nata ba, kuma in ta zalunci marar laifi akwai Wanda zai tsayar da su gaba ɗaya. Ya koma karatu, ta yi ta kuka da bakin Auta, kukan da ya sa har uwar yarinyar ta taya ta. Da ta lafa ta ce to a tsayar da injunan. Mai Dam ya ce ba shi da wannan ikon, asibitoci da gidajen jama'a na rataye da su, ko ya bar aikin gobe wani zai zauna a kujerarsa.

"Ina da sauran jikoki a wurin," in ji ta. "Duk sanda za a buɗe ƙofa, ka fito bakin ruwa ka yi mana sallama, ka ce mu janye yara. Da bakinka. Ran da aka buɗe ba ka faɗa ba, na san hanyar gidan nan."

Ya ɗauki alkawari, malam ya zama shaida. Auta ta yi atishawa ta sulale a jikin uwarta, ta buɗe ido tana tambayar wa ya jiƙa mata riga.

Mai Dam ya roƙi a bar shi a aikin yamma dindindin, ya haɗa baki da na safe da na dare su riƙa bugo masa kafin su taɓa komai, ya taso daga gida a guje. Suka yi ta yi masa dariya, amma suna bugowa. Auta ta koma makaranta, ta yi ƙiba.

Bayan damina aka kawo sababbin na'urori. Aka tara ma'aikata aka yi musu albishir cewa daga yanzu kwamfutar cibiya ce za ta riƙa tayar da injuna da kanta, da zarar iska ta faɗi ko gas ya ja baya, ba sai an bugo wa kowa ba. Aka yi tafi. Ya je wurin shugaban tashar ya roƙi ko ƙararrawa a sa kafin ƙofa ta buɗe, shugaban ya dafa kafaɗarsa ya ce ya ɗauki hutu. Ya koma wurin malam, malam ya sunkuyar da kai ya ce da bakin mutum aka ƙulla alkawari, shi bai san yadda ake roƙon na'ura ba, sai dai addu'a.

Yanzu kusan a tashar yake zaune. Ya tsaya a kan bangon dam, ya riƙe ƙarfen kariya, ya leƙa baƙin ruwan yana sallama yana cewa a janye yara, ya ɗan huta ya sake, don bai san lokacin da ƙofa za ta buɗe ba. Muryarsa ta dishe. Sababbin ma'aikata na nuna shi da baki. In barci ya sace shi a kan benci, rurin inji ne ke tashinsa, ya zabura ya lalubo waya ya kira gida.

Matarsa ba ta jira ya tambaya. "Tana nan lafiya," take cewa. "Koma ka ci gaba da faɗa musu."