Ƙosan da Ya Ɓata Gwajin Jini

Ranar da masu gwajin jini suka zo firamaren Madadi, Badi'a tana bakin ƙofa tana suyar ƙosai. Ta ga yara sun yi layi jugum, babu mai saya. Tausayi ya kama ta, ta shiga raba musu kyauta.

Sai ga wani saurayi cikin farar riga ya fito da sauri, ya dafe kai.

"Innalillahi! Malama, kin ɓata mana aiki. Kitsen jininsu za mu auna, kuma sai in ba su ci komai ba ake ɗiba."

Ta ja mayafi ta rufe fuska. "Wallahi ban sani ba. Ba su da lafiya ne?"

"Ƙalau suke. Masu lafiyar muke aunawa, don a san yadda ya kamata jinin yaro ya kasance." Ya yi dariya. "Sunana Najmuddeen. Tunda sai gobe, a zuba mini nawa."

Gwaji ya ƙare, amma Najmuddeen bai daina zuwa daga Gwarzo ba. Idan ya koma sai ya turo saƙo:

"Badi'ata, yau ma kin ƙi kallona."

"Na kalle ka mana, da ka juya baya."

Haladu mai shayi, wanda ya daɗe yana son ta, ya baza a gari cewa Najmuddeen ya ce ƙosanta ke cika jinin yara da mai. Da Baba, mahaifin Badi'a, ya ji, sai ya fusata.

"Mai ɓata wa 'yata sana'a ba zai taka ƙofar gidana ba!"

Badi'a ta rubuta wa Najmuddeen tana hawaye: "Da gaske ka faɗa?"

"Ban faɗa ba, sanyin idona. Ki roƙi Baba ya zo taron iyaye ranar Asabar."

Baba ya je, fuska a murtuke. Najmuddeen ya miƙe a gaban jama'a.

"Yawancin yaranku jininsu daidai yake. Ƙosai ba shi da laifi. A dai haɗa musu da ganye, a bar su su yi guje-guje."

Da aka tashi, Baba ya yafito shi.

"Kai yaro, na tsofaffi ma kuna aunawa?"

Najmuddeen ya durƙusa. "Muna aunawa, Baba."

"To turo magabatanka. In an ɗaura sai ka auna nawa."

Bayan ƙaramar Sallah aka ɗaura. Inna, mahaifiyar Badi'a, ta riƙe hannun amarya.

"Allah Ya ba ku zaman lafiya, Ya ba ku 'ya'ya masu albarka."

Daga cikin mayafi, can ƙasa-ƙasa, Badi'a ta ce, "Amin."