Mai Zafin Rai da Turminta

A can wani ƙauye an yi wata mata mai zafin rai, har maƙwabta suka daina shiga gidanta. Amma wajen daka, babu wadda ta kama ƙafarta. Sai ta yi wa kanta alkawari: duk ran da ranta ya ɓaci, turmi za ta fara gaya wa.

Ran nan akuyar maƙwabciyarta ta cinye mata shanyar kuɓewa tas. Baƙar magana ta zo mata baki. Ta haɗiye, ta zuba gero a turmi. Ta daka, ta daka, har zuciyarta ta sauka.

Can sai ga maƙwabciyar, ta ce: "Yaya, ki yi haƙuri, akuyata ce."

Matar ta ce, "Zauna ki sha fura. Faɗan da zan yi miki, turmi ya riga ya sha shi."