Saura Mako Uku Jarrabawar Suwaiba

"Ni dai ka kai ni gida Bilbis, Yaya Taju! In ba za ka kai ni ba, in tafi tasha in hau wata motar!"

Suwaiba ta dangwarar da jakarta a tsakiyar zaure. Shekara uku ke nan tana zaune a gidan Gwaggonta Hajara a Tudun Wadar Gusau saboda karatu, shekara biyu kuma Tajuddeen, direban motar Gusau zuwa Tsafe, yana zuwa zance wurinta. Ba ta taɓa ɗaga masa murya ba sai yau.

"Saura mako uku ku fara WAEC, Suwaiba. Me za ki je yi gida?"

"Na fasa. Sai baɗi in rubuta... Inna na fama da ciwon ƙafa, ga damina ta matso, wa zai kama mata aiki?"

"Shekaranjiya na ga Inna a Tsafe, da ƙafarta take tafiya garau."

"Ƙarya nake yi ke nan?"

"Ban ce ba, rabin raina, amma..."

"Ai na sani! Baba ya ce sai na gama sakandare za a ɗaura mana aure, shi ya sa kake azalzalata. Ba ni ce damuwarka ba!"

Tana rufe baki ta yi nadama, don ta ga yadda fuskarsa ta canza. Ya sunkuya ya ɗauki jakar ya nufi mota. Gwaggo Hajara ta yafo mayafi ta shige baya, ta ce ba za ta bar 'yar ɗan'uwanta ta yi tafiya ita kaɗai da saurayi ba.

Abin da Suwaiba ta ɓoye wa kowa shi ne, ranar jarrabawar gwaji ta lissafi kanta ya ɗauke ɗif. Zufa ta jiƙa mata hijabi, lambobin suka riƙa yawo a idonta. Awa biyu ta yi a zaune, ta miƙa takarda babu komai sai sunanta. Tun daga ranar, ko littafi ta buɗe sai zuciyarta ta hau dukan ƙirji.

Sai da suka wuce dutsen Kwatarkwashi, Gwaggo ta fara gyangyaɗi, sannan Tajuddeen ya yi magana, idonsa a kan titi.

"Kin taɓa tambayata dalilin da ya sa ba ni da takardar sakandare?"

Ta girgiza kai.

"Saura wata ɗaya jarrabawarmu na gudu gida Rawayya. Na ce wa mahaifina aikin gona ya yi masa yawa, zan taya shi, sai baɗi. Tsoro ne kawai, Suwaiba. Yau shekara bakwai, ban sake taka aji ba."

Ta juyo da sauri. "Kai?"

"Ni. Wallahi ko shekara biyar za a ɗaga auren, zan jira ki. Amma na san irin idon da kike kallona da shi a zaure. Na taɓa ganinsa a madubi."

Hawaye suka ɓalle mata. Ta kifa kai a cinya har suka isa.

Sun tarar da Inna Delu a tsakar gida tana tsince irin shuka a faifai. Ta dubi jakar, ta dubi fuskar 'yarta.

"Mi yas same ki, ɗiyata? An ba da hutu ne?"

"Inna... ƙafarki..."

"Ƙafata na nan inda Allah ya ɗora ta. Zamna ki gaya min gaskiya."

Suwaiba ta durƙusa ta zayyane komai tana shessheƙa, har farar takardar da ta miƙa. Ta zaci faɗa za ta sha. Sai Inna ta ture faifan gefe.

"Ɗauko littahin."

"Na'am?"

"Abin da yab ba ki tsoro. Ni ban yi boko ba, koya min shi yanzu."

"Inna, ba za ki gane ba..."

"To in ban gane ba, laihin malamata ne."

Gwaggo ta tuntsire da dariya. Ba yadda Suwaiba ta iya, ta buɗe littafin hannunta na rawa. Ta ɗebo gyaɗa da wake daga faifan ta jera a ƙasa.

"Kin ga, a ce kulli biyu na gyaɗa da kulli ɗaya na wake, ƙwaya goma sha ɗaya ne a ciki. Kullin gyaɗa ɗaya da na wake ɗaya kuma ƙwaya bakwai..."

Ta yi ta bayani, tana ɗaukewa tana mayarwa. Inna na katse ta da tambaya, ita kuma tana sake salo. Can Inna ta buga cinya.

"Ashe gyaɗa huɗu-huɗu ce, wake uku!"

"Shi ne, Inna! Wallahi shi ne!"

"To ke da kika sa tsohuwa irina ta gane, wa ac ce ba ki iya ba? Dubi hannunki."

Suwaiba ta duba. Ya daina rawa. Ta faɗa jikin Inna tana kuka tana dariya.

Da la'asar ta leƙa ƙofar gida, ta samu Tajuddeen jingine da mota.

"Yaya Taju... ka yafe min abin da na faɗa."

"Tun kafin mu bar Gusau na yafe, abar ƙaunata."

"To buɗe min but ɗin mota, jakata za ta koma."

Mako ukun nan ba su zo da sauƙi ba. Wata rana ta wuni lafiya, wata rana tsoron ya dawo ta rufe littafi ta fita tsakar gida ta sha iska. Ta samu malamar lissafinsu ta faɗa mata gaskiya, malamar ta riƙa zaunar da ita bayan an tashi tana ba ta tsofaffin tambayoyi da agogo a gabanta. Tajuddeen kuwa ya rage zance zuwa minti goma, ya kawo mata fura da nono ya juya.

Ranar lissafi, tana karɓar takarda ƙirjinta ya buga. Ta rufe ido ta yi bisimilla, ta ja numfashi uku, ta ce a ranta, "To Inna, saurara in koya miki." Biro bai tsaya ba sai da aka ce lokaci ya cika.

A watan Agusta sakamako ya fito. Tana tsaye a zaure riƙe da wayar Tajuddeen, ta kasa dubawa.

"Karanta min... ni ba zan iya ba."

"A'a. Ke kika rubuta, ke za ki karanta."

Ta buɗe ido ɗaya, sannan ɗayan.

"Takwas! Yaya Taju, kiredit takwas! Har da lissafi!"

Gwaggo Hajara ta fito ba ko takalmi tana rangaɗa guɗa, maƙwabta suka cika gidan. Tajuddeen ya juya baya yana goge ido da hularsa.

Bayan an kai amfanin gona gida aka ɗaura aure a Bilbis. Mota shida ce ta raka amarya Rawayya. Da 'yan rakiya suka zo tafiya, Inna Delu ta kama hannun surukinta ta ɗora a kan na 'yarta.

"Ga ta nan, Taju. Amma makarantar malamai ta Gusau ta kira ta, ranar Litinin za ta fara."

"Na sani, Inna," ya ce yana murmushi. "Na riga na wanke mota."