Mako Na Hamsin Da Uku

"Ba makonki ba ne, Vendela."

Gunvor ce, tsohuwar surukata. Ta cika ƙofar da jikinta, ko "shigo" ba ta ce min ba, ga dusar ƙanƙara na zuba a kafaɗata.

"Makon jiya Tindra tana wajen babanta," na ce. "Yau Litinin. Na zo ɗaukar 'yata."

"Makon jiya na nawa ne?"

"Na hamsin da uku."

"Wannan fa?"

Na lissafa a raina.

Na ɗaya...

Mu nan garin Sundsvall da lambar mako muke komai. Da ita muke zuwa hutu, da ita muke ganin likita, da ita kuma kotu ta raba mana yarinya: mako mai lambar mara na tsohon mijina Alvar, mai lambar cika nawa. Shekarar da ta ƙare ta zo da rarar mako, mara ya bi bayan mara. Ni kuwa da yatsu nake nawa lissafin, nasa, nawa, nasa, nawa.

"Haka alƙali ya yanke," Gunvor ta ce tana gyara tabarau. "Ba ni na tsara kalanda ba."

"Amma ke kika zaɓa masa mara."

"Lauya ya tambaya, na ba da shawara. Laifi ne?"

Raina ya yi baƙi ƙirin. Wannan matar ba ta taɓa ɗaga min murya ba, da murmushi ta kashe min aure. Lokacin da kotu ta ba mu watanni shida mu yi tunani, ita ta yi wa ɗanta tunanin. Na shiga kotun nan da mijin da nake fushi da shi kawai, na fito an raɗa masa suna "ɗaya ɓangaren". Tun daga ranar lauyoyi ke magana a madadinmu, ofishin kuɗin ciyarwa kuma na aiko da tambayar wa ya sayi takalmin sanyi. Shekara biyu ban ga fuskarsa ba. Ɗaya ya kai yarinya makaranta da safe, ɗaya ya ɗauko da yamma. Hutun makaranta ne ya kawo ni wannan ƙofar.

"Don Allah, Gunvor, ko ganinta in yi."

"Idan aka fara karya tsari, ba a san inda zai tsaya ba. Ki dawo Litinin mai zuwa."

Litinin mai zuwa. Ita ba ta san yadda makon da ba nawa ba yake ba. A tsaye nake cin abinci. Ina kunna rediyo don kawai in ji muryar mutum a gidan. Jiya na wuni ina toya burodin kirfa, na canza zanin gadon Tindra, har waƙa na yi.

Na juya zan sauka daga matakala.

"Vendi."

Mutum ɗaya ne a duniya yake kirana haka.

Alvar ne. Ya rame. Furfura ta fito masa a gefen kunne, ba wanda ya gaya min. Haushi ya kama ni da na ji zuciyata ta buga, kamar ba ta halarci zaman kotun ba.

"Mama, ba mu wuri," ya ce.

"Alvar, lauyanka ya ce kada ku..."

"Na ji abin da ya ce. Shekara biyu ina jin abin da ya ce."

Ta shige tana ƙunƙuni. Ya fito da safa kawai, ya tsaya a kan ƙanƙara.

"Na san za ki zo yau," ya ce a hankali. "Tun bazara na ga makon a kalanda. Na san ba kya duba lamba."

"Ka sani ka yi shiru?"

"Da na aika ta hannun lauya, da ba ki zo ba."

"Ka bar ni na yi toye-toye kamar wawuya! Ka bar uwarka ta wanke ni a bakin ƙofa!"

"Na yi laifi. Ban san wata hanyar da zan gan ki ba, Vendi. Duk ranar da na ajiye ta a makaranta nakan zauna a mota, in ce ko za ki yi sammako."

Hawaye suka zubo min, na bar su.

"Ni ma na gaji," na ce. "Ba so nake in rabu da kai ba. So nake ka saurare ni, shi ke nan. Sai kowa ya shigo tsakaninmu."

"Ga ni ina saurare."

"Yarinyar fa? Idan na tafi da ita za a rubuta na karya hukunci."

"Hukuncin ya ce a gidana za ta kwana. Bai ce kada uwarta ta shigo ba." Ya tura ƙofar. "Shigo, masoyiyata. Ko shayi ne."

Na taka ciki, na tsaya kan tabarmar ƙofa. Sai ga Tindra ta sauko daga bene da kayan barci, gashi a hargitse. Shekararta bakwai. Ta dube ni, ta dubi babanta. Ban ga murna a fuskarta ba, ruɗewa na gani.

"Makon waye?" ta tambaya.

Na dubi Alvar, shi ma ya dube ni.

Ta koma sama da gudu. Ta dawo rungume da jakar da take yawo da ita tsakanin gidajenmu, ta tsaya a tsakiyarmu tana jiran a gaya mata wanda za ta yi wa sallama.

Alvar ya durƙusa. "Ajiye jakar, 'yar Baba. Ba inda za ki."

"To Mama ce za ta tafi?"

Ya ɗago ya dube ni. Gunvor ma tana bakin kicin tana kallona.

Na sunkuya na kwance igiyar takalmina. Na cire, na jera su kusa da na babanta.

Tindra ta daɗe tana kallon takalman. Sannan ta sauke jakar a hankali, amma ba ta saki hannun jakar ba.